Mai Gadin da Na Roƙa

Litinin 14 ga Fabrairu 2011, bayan la'asar

Yau an zage ni a shago. Wani ɗan siyasa ya kawo sunayen wakilansu na rumfunan zaɓe, mutum sittin da biyu, in buga masa a kwamfuta. Ni in ina bugu takarda nake kallo, don a lakol, makarantar boko, aji biyar na tsaya, harafi-harafi nake ɗauka, in na ɗaga kai layi ya ɓace mini. Ashe tun ina tsakiya wani ɗan akwati ya leƙo a gilashin kwamfutar yana tambayar abin da ban sani ba, duk abin da na buga bayansa iska ta kwashe. Na rufe shi na ci gaba, ban lura ba. Mutum bakwai sun faɗi. Mutumin ya ƙirga a gaban Madam Sadiya, mai shagon, ya ce wata jam'iyya ce ta saye ni. Ni da ko katin zaɓena sai da Madam ta tuna mini na je na karɓo.

'Yan leƙe nake kiransu. Wani ya ce maganin cutar kwamfuta ya ƙare, wani ya ce tawada ta kusa, wani ya ce a sabunta kaza. Ba sallama, ba gafara. Wuni guda ina rufe fiye da talatin, kuma zagaye na biyu na zaɓe yana tafe, aiki sai ƙaruwa yake.

A gida lafiya. Ranar Juma'a Yaya Ilyasu ya kira daga Libiya, inda yake aikin gini shekara uku ke nan. Bara da damina ya zo ya yi wata biyu ya koma, yanzu matarsa Fiddausi watanta ya tsaya. Na ce ya faɗa mini sunan da za a sa wa abin da za a haifa, in ajiye. Ya yi dariya ya ce sunan yana bakinsa, sai an sauka lafiya.

Laraba 16 ga Fabrairu, azahar

Barmo mai gyaran kwamfuta ya zo daga garin Agiye a kan moto, wato babur, ya duba injin fotokofi. Da ya gama na ce, "Malam Barmo, ba maganin 'yan leƙen nan?"

Ya ce, "Akwai. Ka riƙa ɗaga kai."

Na ce ban da wannan. Ya ja kujerata ya zauna, ya buɗe farin shafi ya yi rubutu, layi goma sha biyu na ƙirga. Ya ce sunansa iskirif, umarni ne kawai, kamar ka ɗauki mai gadi ka gaya masa aikinsa. Sau biyu kowane sakan zai duba gilashi, wanda ya gani ya rufe shi, kuma duk sanda aka kunna kwamfuta shi zai fara tashi.

Ya ce, "To faɗa mini sunayen waɗanda zai kora, ɗaya-ɗaya."

Na ce, "Ina na san sunayensu? Da faransanci suke zuwa. Duka."

"Duka duka?"

"Duk wanda ba wurin bugu ba ne, ba wurin wasiƙun Madam ba ne, ba wurin fitar da takarda ba ne."

Ya ce, "Salisu, mai gadin da aka ce masa kowa, har surukinka zai kora."

Madam daga bayan kantar shago ta ce, "Ya samu surukin tukuna."

Muka yi dariya. Na sayo masa shayi wurin Iro.

Alhamis 17 ga Fabrairu, yamma

Shafi goma sha ɗaya yau, ko suna ɗaya bai faɗi ba. In na saci kallo sai in ga wani abu toka-toka ya yi walƙiya ya ɓace, shi ke nan. Allah ya yi wa Barmo albarka.

Lahadi 20 ga Fabrairu, hantsi

Yaya bai kira ba Juma'ar nan. Na kira sau huɗu, wata mata tana magana da larabci. Wurin shayin Iro an kewaye rediyo, da na zo sai aka rage murya. Ba zan rubuta abin da rediyo ta ce kan Libiya ba.

Talata 22 ga Fabrairu, azahar

Wayar ba ta shiga. Wajen ƙarfe sha ɗaya wani ɗan leƙe ya yi ƙoƙari, mai launin rawaya, ba irin tokar da na saba gani ba. Mai gadi ya gama da shi kafin in ƙifta ido.

Juma'a 25 ga Fabrairu, bayan masallaci

Inna ba ta faɗin sunan Yaya, ɗan fari ne. "Wancan" take cewa. Yau ina sa takalmi ta ce, "Wancan hwa, yau Juma'a." Na ce hanyar waya ce ta lalace, ana gyara. Ta ce, "To." Ta ci gaba da tsince wake, waken da ta riga ta tsince jiya.

Fiddausi kuwa tsokana ta yi, kamar kullum. Ta ce, "Ƙaramin miji, babban ya yi shiru, kai ma ko tsire ba ka kawowa. Zan kai ƙararku ku biyu wurin alƙali." Na ce ta bari in an yi sabon shugaba sai ta kai masa. Ta yi dariya tana riƙe da ƙugu, dariyar ba ta kai ƙarshe ba.

An yi addu'a a masallaci ga 'yan ƙasa da yaƙi ya rutsa da su can Libiya. Liman bai faɗi sunan kowa ba, amma mutum uku sun juyo sun dube ni.

Litinin 28 ga Fabrairu, safe

Wayar ba ta shiga. Yanzu matar larabcin ma ta daina.

Talata 1 ga Maris, la'asar

Aiki ya yi yawa, jam'iyyu biyu a wuni ɗaya, kowa yana ɓoye takardarsa kada ɗaya ya gani, alhali ni na buga duka. Rawayan nan ya sake walƙiya da hantsi. Na ce a raina, wannan akwai naci.

Juma'a 4 ga Maris, yamma

Sale, ƙanin Iro mai shayi, ya kira daga Agadas. Ya fito daga Libiya. Iro ya zuba wa kowa shayi yau. Na jira mutane suka ragu na tambaye shi. Ya ce Sale bai ga Yaya ba tun watan Janairu, ba gari ɗaya suke ba. Ya ce a hanya duk shingen da suka zo sai an karɓe wayoyi, Sale ya kira ne a wayar wani direba, don ya haddace lambar matarsa.

Yaya bai taɓa haddace lamba ba. Tasa ma a bayan waya ya liƙa ta da takarda. In an karɓe masa waya, ko an ba shi wata kyauta, wa zai kira? Wannan tunanin ya sanyaya mini rai, sannan ya tayar mini da hankali, ban san wanne ya fi ba.

Asabar 5 ga Maris, hantsi

Fiddausi ta sauka bayan sallar asuba. Namiji. Lafiya lau su duka. Suna Asabar mai zuwa, ranar zaɓe.

Lahadi 6 ga Maris, la'asar

Mata sun cika gida barka, ana ta dama kunun kanwa. Ina ɗaure itacen wanka a tsakar gida na ji wata tsohuwa daga cikin ɗaki ta ɗauki jaririn tana cewa, "Sannu da zuwa, Audi." Audi ana ce wa wanda aka haifa bayan ubansa ya rasu. Sai muryar Inna: "Aje shi." Tsohuwar ta ce suɓutar baki ne. Inna ta ce, "Aje shi, ki sha kununki."

Kunnensa irin na Yaya ne, na dama ya ɗan lanƙwashe daga sama. Ban gaya wa kowa ba.

Litinin 7 ga Maris, bayan azahar

Bari in rubuta.

Ina cikin bugu da safe ina ta juya maganar Iro. In mutum ba shi da lamba a ka, me yake da shi? Sai na tuna. Zuwan Yaya na bara, ya shigo shagon nan ya sa wani abu a kwamfuta, masanja, wurin hira da rubutu. Ya buɗe mini suna, ya buɗe wa kansa, don ya riƙa aiko hoto. Sau biyu muka yi amfani da shi, sannan muka ga waya ta fi sauƙi, na manta da shi. Amma shi masanjan bai manta ba. Kullum Madam ta soka kle, ɗan abin nan mai kawo intanet, daga ƙarfe goma zuwa sha biyu don wasiƙunta, shi ma yana tashi a ɓoye. In saƙo ya zo, akwati yake buɗewa. Akwatinsa rawaya ne.

Na miƙe tsaye ban san na miƙe ba. Na danna alamarsa a ƙasan gilashi. Ya buɗe, ya rufe. Na sake, ya rufe. Sau nawa ban sani ba. Madam ta zo ta gwada, ita da take karanta faransanci kamar ruwa, ita ma haka.

Na kira Barmo. Yana garin Gidan Runji, an ɗauke shi gyaran kwamfutoci kafin zaɓe. Ya ce abu mai sauƙi, in danna maɓallai uku tare, akwatin kashe ayyuka zai fito, in nemi mai gadi in kashe. Na danna. Akwatin ya fito, mai gadi ya rufe shi. Barmo ya fashe da dariya ya ce, "Kai, ya ƙi a sallame shi!" Na gaya masa dalilin da nake nema. Dariyar ta tsaya. Ya ce akwai wata hanya tun daga wurin kunnawa, amma ba zai bi da ni ta waya ba, kada in goge wa Madam aikinta ana saura kwana biyar zaɓe. Alhamis zai zo.

Na ce, "Saƙon da ya rufe, yana nan?"

Ya ce, "Kun kunna ajiyar hira?"

Na ce ban san akwai ta ba. Ya ce to abin da aka rufe ya tafi ke nan.

Madam ta ce in je Maraɗi in shiga daga wata kwamfuta. Ban san kalmar sirrin ba. Yaya ne ya sa, ya ce kwamfuta za ta riƙe mini, ba sai na wahalar da kaina ba.

Talata 8 ga Maris, hantsi

Na roƙi Madam kada ta soka kle har Barmo ya zo. In Yaya ya rubuto ba ma nan, saƙon zai jira a can. In muna nan, zai shigo a cinye shi. Ta dube ni ta ce, "Wasiƙuna fa?" Ta buɗe jakarta ta jefa kle ɗin ciki ta ja zif.

Yanzu ƙarfe sha ɗaya. In ya leƙo zai ga sunana a kashe. Da yana ganinsa a kunne ana ƙin amsa masa. Ban san wanne zai fi yi masa ciwo ba.

Laraba 9 ga Maris, bayan magariba

Baba Tsoho, wan mahaifinmu marigayi, ya kira ni zaure. Ya sayi rago, ya yi maganar goro da wanzami. Sannan ya ce, "Sunan hwa? Uban yaro ya bar maka wani abu?"

Na ce ya ce sai an sauka.

Ya ce, "An sauka." Ya gyara zama. "Salisu, ni ban ce komi ba. Amma yadda anka saba, in uba bai nan, kuma ba a san halin da shi ke ciki ba, sai a maida ma yaro sunan ubanshi. Sunan bai ɓace ba daga gida."

Na ce, "Baba, ai wannan in an tabbatar ne."

Ya ce, "Kwana ishirin da shidda yau." Ashe shi ma ƙirgawa yake.

Alhamis 10 ga Maris, la'asar

Barmo ya iso ƙarfe tara, bai ko cire hular moto ba. Ya kashe kwamfuta ya kunna yana danna wani maɓalli, gilashin ya zo baƙi da manyan haruffa, ya shiga ya cire mai gadi. Minti huɗu. Kwana ishirin da biyu yana aiki, minti huɗu aka sallame shi.

Madam ta soka kle. Masanja ya buɗe, ya tsaya a buɗe. Sunan Yaya yana nan, toka-toka, alamar ba ya kusa. Ba saƙon da ke jira.

Barmo ya ce, "Tsaya." Ya ce shi duk iskirif ɗin da ya rubuta yana sa masa ɗan littafi, don ya san yana aiki. Mai gadi ba ya karanta abin da ke cikin akwati, amma yana rubuta sunan da ke goshinsa, da rana, da lokaci. Ya buɗe. Layi ɗari bakwai da wani abu. Tawada, maganin cuta, sabuntawa, tawada. Na ce ya tafi a hankali, ni zan duba. Na sa yatsa a gilashi ina bi kamar yadda nake bin takarda.

Ilyasu. 22 ga Fabrairu, 11:06.
Ilyasu. 25 ga Fabrairu, 10:51.
Ilyasu. 1 ga Maris, 11:14.

Na Juma'ar ban ma gan shi ba, ina wurin fotokofi ke nan. Ranar da na ce wa Inna hanya ce ta lalace.

Barmo ya ce, "Laifina ne, da na ƙi maka." Na ce shi ya tambaye ni sau biyu. Ya kunna ajiyar hira, ya nuna mini inda ake rubuta wa mutum ko ba ya nan. Na rubuta: Yaya, Fiddausi ta haihu namiji ranar Asabar, kowa lafiya, aiko suna. Ya ce in yana so zai gyara mai gadin ya riƙa korar na tawada da na magani kaɗai, da sunayensu. Na ce a'a. Ya ce wannan karon ba zai yi kuskure ba. Na ce na sani, a bar su dai.

Alhamis, bayan magariba

Na fitar da shafin na kai gida. Na nuna wa Inna layi ukun, ko da yake ba ta karatu. Na ce ranar ɗaya ga watan nan yana raye, yana zaune gaban kwamfuta yana nemana.

Ta ce, "Mi ya ce?"

Na ce ban gani ba.

"Ya yi magana ba ka ji ba?"

Na ce, "Na sa an rufe ƙofar, Inna. Ban san shi zai biyo ta nan ba."

Ta karɓi takardar ta ce in nuna mata daidai inda sunan yake. Na nuna. Ta ɗora babban yatsa a wurin ta daɗe. Fiddausi tana jin mu daga kan gado. Ba ta ce ƙaramin miji ba, ta juya fuska bango da yaron a ƙirjinta.

Juma'a 11 ga Maris, yamma

Na zauna daga goma har lokacin masallaci. Bai zo ba.

Na je wurin Baba Tsoho na ce tunda gobe zaɓe ne, a bar mutane su je su jefa ƙuri'a da sanyin safiya, a yi suna bayan azahar. Ya ce tun da aka haife shi bai ga an raɗa suna rana tsaka ba. Na ce bai kuma ga suna ranar zagaye na biyu ba. Ya dube ni ta ƙasan ido ya ce, "Wane lokaci shi ke zuwa a cikin injin naku?" Na ce wajen sha ɗaya. Ya ce, "Bayan azahar. Ko minti guda ban ƙarawa."

Asabar 12 ga Maris, ƙarfe goma da rabi na safe

Shago a rufe yake yau, Madam ta ba ni mabuɗi da kle. Na yi zaɓe tun takwas, tawada tana yatsana, ina ta kaffa-kaffa kada in ɓata maɓallai. Titi shiru, ba moto sai na masu aikin zaɓe. 'Yan leƙe sun dawo duka. Duk wanda ya fito sai gabana ya faɗi, sannan in ga toka ne. Ban rufe ko ɗaya ba sai na karanta shi har ƙarshe, ko ban gane ba.

Sha ɗaya da kwata.

Sha biyu saura.

An kira azahar.

Asabar, bayan la'asar

Na tarar an shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin bishiyar bedi, malamai sun zauna, mahauci yana riƙe da ragon. Kowa da baƙin yatsa. Baba Tsoho ya dube ni, na girgiza kai. Ya sunkuya wajen liman zai raɗa masa. Na san abin da zai faɗa.

Sai muka ji murya daga bakin zaure, bayan labule. Inna ce. Ta ce, "Malam Tsoho, Ilyasu na da sunanshi, yana amfani da shi."

Shekarata ishirin da huɗu, ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Mazan duk suka sunkuyar da kai kamar su ne suka yi abin kunya. Baba Tsoho ya ɗago ya daɗe yana kallon labulen, sannan ya ce da ni, "To kai ne wakilin ubanshi. Hwaɗi."

Ban shirya komai ba. Na ce a sa masa sunan mahaifinmu. Liman ya ce Abdurrahaman, aka shafa fatiha, aka yanka rago.

Litinin 14 ga Maris, yamma

An faɗi wanda ya ci zaɓe, ana ta hon a titi. Na ƙara rubuta wa Yaya layi ɗaya. Bai zo ba.

Alhamis 17 ga Maris, azahar

Ba aiki yanzu, 'yan siyasa sun ɗauke ƙafa. Madam ta bar mini kle har ƙarfe ɗaya, ba ta ce don me ba. Na fara gane 'yan leƙen. Na tawada gaskiya yake faɗa, ta kusa ƙarewa.

Lahadi 20 ga Maris, safe

Fiddausi ta ce in riƙe mata yaron ta sha kunu. Kalma ta farko tun ranar takardar.

Laraba 23 ga Maris, azahar

Ƙarfe sha ɗaya saura minti takwas, ina buga wa wani malamin lakol takardar neman canjin wuri. Na ɗaga kai don in duba layi. Rawaya, a tsakiyar gilashi, a tsaye.

salisu kana nan

Ban gaishe shi ba. Tunda nake ban taɓa yi wa Yaya magana ba gaisuwa ba, amma na ji tsoron kafin in gama ina kwana ya tafi. Na rubuta: ina nan. kana ina.

Ya ce wani sansani a bakin iyaka, ba ta hanyar Agadas ba, ta ɗaya gefen. An karɓe waya da jaka. Masu agaji suna ba kowa minti biyar a kwamfuta, kwana uku yana layi. An rubuta sunansa cikin waɗanda jirgi zai kai Yamai, ba a faɗi rana ba. Ya ce ƙafarsa ce kawai, kuma tana warkewa. Bai ce me ya samu ƙafar ba, ban tambaya ba.

Ya ce yanzu ya ga saƙona. namiji. alhamdu lillahi. an yi suna?

Na ce an yi, sunan Baba.

Ya ɗan jima. Ƙasan akwatin yana nuna yana rubutu, ya tsaya, ya sake.

sau uku na rubuto maka tun can, na ga abin ya baci na ce kada in tafi da sunan a baki. ina ganinka a kunne ba ka amsawa. na ce ko fushi kake

Na ce ba fushi ba ne, zan gaya masa in ya zo. Na ce wane suna ne.

na ce in namiji ne a sa masa salisu. kai ka rike gidan

Malamin lakol yana tsaye a kaina yana jiran takardarsa. Ya ce, "Lafiya?" Madam ta ja shi gefe tana tambayarsa labarin garinsu.

Na sa yatsu a kan maɓallai ban san wanne zan danna ba. Yaya ya riga ni.

ba komai. sunan baba ba a ja da shi. ka gai da inna. ka ce da fiddausi

Nan sunansa ya koma toka. Minti biyar sun cika.

Laraba, bayan la'asar

Na fitar da hirar a takarda, amma na yanke ta da reza daidai ƙarƙashin alhamdu lillahi, na kai gida rabin sama. Inna ta sa na karanta sau uku, a na ukun ta tashi ta shiga ɗaki ta sakaya ƙofa. Baba Tsoho ya ce a kira liman gobe a yi sadaka, ya fyace hanci ya ce hayaƙin itacen wanka ne.

Fiddausi ta jira kowa ya watse. Ta ce, "Ni fa? Bai ce komai ba?"

Na ce ya fara, lokaci ya ƙare masa. Na ce daidai kan sunanta aka tashe shi.

Ta ce, "Haka yake, kullum sai zai fita yake tuna abin da zai faɗa." Tana dariya tana share ido da gefen zane. Sannan ta ce, "Ya ji sunan? Ya yi masa?"

Na ce ya ce sunan Baba ba a ja da shi.

"Shi wanne ya so?"

Na ce in ya zo ta tambaye shi.

Ta miƙo mini Abdurrahaman ta ce, "Riƙe, ƙaramin miji, ruwan wankana zai huce." Na riƙe shi har aka kira magariba. Ya yi barci, ya farka, ya dube ni bai san ko ni wane ne ba.